Ɗan Kaltungo da Matafiyansa

Da za a ba ni iko in ɗanƙa wa kowane mai karatu a garin Gombe littafi guda, daga Jekadafari har Pantami, daga Bolari har Tumfure, wallahi ba zan tsaya neman shawara ba. Travelers na Helon Habila zan miƙa masa, wato Matafiya. Ina son littafin nan so mai tsanani, ina son mutanen da ke cikinsa, har da waɗanda suka ɓata mini rai. Tun da ya fito a 2019 ake ta yabonsa a Amurka da Ingila, ya kuma shiga jerin ƙarshe na kyautar James Tait Black a 2020. Amma abin da ke ƙara cika mini ƙirji shi ne, wanda ya zauna ya tsara wannan abin al'ajabi ɗanmu ne, haifaffen Kaltungo, nan kudu da mu a kan hanyar Yola.

Ga wanda bai san shi ba, kuma abin takaici suna da yawa a cikinmu: an haifi Habila a 1967, ya karanta Turanci a Jami'ar Jos, ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, sannan ya gangara Legas aikin jarida. A 2001 ya lashe kyautar Caine ta gajeren labari, wadda marubutan Afirka ke kwana da mafarkinta. Waiting for an Angel ya biyo baya a 2002, labarin zamanin Abacha. A 2007 ya fitar da Measuring Time, labarin wasu tagwaye a wani ƙauye mai suna Keti, wanda duk mutumin da ya san ƙasar Tangale zai ji ƙanshin gida a cikinsa. Sai Oil on Water a 2010 kan Neja Dalta, sai ɗan littafinsa na gaskiya kan 'yan matan Chibok a 2016. A 2015 aka ba shi kyautar Windham-Campbell a Amurka, inda yake koyar da dabarun rubutu a Jami'ar George Mason. Duk na karanta su, duk ina girmama su. Amma a wurina Travelers ne sarkinsu.

A 2013 Habila ya tafi birnin Barlin na Jamus zaman shekara guda a ƙarƙashin tallafin hukumar DAAD. Ku dubi lokacin da ƙaddara ta sauke shi a can. Tun daga watan Oktoban 2012 masu neman mafaka suka kafa tantuna a dandalin Oranienplatz a unguwar Kreuzberg, suna kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne da suke aiki a Libiya har yaƙin 2011 ya watsa su cikin teku. Ranar 3 ga Oktoban 2013 jirgin ruwa ya kife daf da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum sama da 360 suka halaka. A cikin wannan watan dai aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, mutanen yankin Kance ta ƙasar Damagaram. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A irin wannan shekara ɗan Kaltungo ya zauna a tsakiyar Turai yana sauraron baƙin haure. Littafin nan daga wannan sauraro ya tsiro.

An kasa shi kashi 6. Mai ba da labarin ɗan Najeriya ne mazaunin Amurka, ba a taɓa faɗa mana sunansa ba, digirinsa na uku ya maƙale masa a wuya. Matarsa Gina, Ba'amurkiya baƙar fata mai zane, ta samu tallafin zuwa Barlin don ta zana fuskokin baƙi. Aurensu yana tangal-tangal tun bayan ɓarin da ta yi. Shi dai rakiya ya yi, ba shi da aikin fari bare na baƙi, sai yawo a titi. Tsarin littafin ya yi kama da doguwar tafiyar dare a motar Gombe Line: ka zauna kusa da wanda ba ka sani ba, tun ana gaisuwa har ya kwance maka tarihin rayuwarsa kaf, ya sauka a wata tasha, wani ya hau ya ɗora nasa. Kowanne ya sauka sai ya bar maka wani nauyi a zuciya.

Wanda ya fara hawa, kuma wanda har yau bai sauka daga raina ba, shi ne Mark.

Mark ya zo gidan ne don Gina ta zana shi. Ta dube shi ta ce bai dace ba, fuskarsa ta yi yarinta, ta yi sumul, babu zanen wahalar da take nema. Kai jama'a! A nan na ajiye littafin na yi tagumi. Da wannan ɗan taƙaitaccen al'amari Habila ya kama mu duka dumu-dumu. Mu ma haka muke. Muna so ɗan gudun hijira ya zo mana da ramammiyar fuska da yagaggiyar riga kafin tausayinmu ya motsa. In ya zo yana dariya, yana da ra'ayi, yana gardama kan finafinai, sai mu ce wannan ai ba mabuƙaci ba ne. Mark kuwa duk cikin mutanen littafin babu wanda ya fi shi ɗauke da ɓoyayyen ciwo.

Ɗan Malawi ne, ɗalibin koyon shirya fim, yaro mai zafin kai da kaifin harshe. Yana kwana a wata tsohuwar majami'a da aka ƙaurace wa a Kreuzberg tare da wasu matasa 'yan gwagwarmaya masu ƙin jarihujja. Shi ya ja mai ba da labarinmu daga falon masu tallafi da liyafar manyan baƙi zuwa titi, zuwa zanga-zangar ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, inda matasa da 'yan sanda ke arangama. Ina ƙaunar yadda Habila ya rubuta wannan abota. Babba mai takardu cikakku, mai mata, mai ɗaki mai ɗumi, ya koma yana bin ƙaramin yaro marar ko sisi, saboda yaron yana da abin da shi ya rasa: ya san abin da yake so a duniya. In Mark ya shigo shafi, sai ka ji jimlolin ma sun ƙara sauri.

Sai aka kama shi. Bizarsa ta ɗalibi ta ƙare, hukuma na shirin tasa ƙeyarsa. A cikin faɗi-tashin neman fito da shi ne mai ba da labarin ya gano abin da bai taɓa zato ba: sunan da ke kan takardun Mark shi ne Mary Chinomba. 'Yar fasto ce a haihuwa. Ya taso a gidan wa'azi yana jin cewa shi ba macen da ake kiran sa da ita ba ne, ya gudu daga gaban mahaifinsa, ya yanke wa kansa sabon suna da sabuwar rayuwa a wata nahiya. Yana da masoyiya, Lorelle, wadda ta san komai, ta kuma tsaya tare da shi.

Wannan soyayya ita ce abin da ya fi burge ni a kashin farko, kuma burgewar tana cikin yadda aka rubuta ta ba tare da kwakwazo ba. Babu dogon zance na hira, babu kirari, babu abin da zai sa mai kunya ya rufe ido. Yarinya ce ke zirga-zirga don kada a jefa wanda take so cikin jirgi a mayar da shi inda ya guje wa. A wajen Habila, so shi ne wanda ya tashi tsaye ranar da hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa. Marubutanmu na soyayya, waɗanda nake karantawa tun ina sakandare kuma nake ganin girmansu, sun saba sanya iyaye ko kishiya ko talauci su zama katangar da ke tsakanin masoya. A nan katangar ta ninku. Ga uba mai riƙe da Littafi Mai Tsarki a Malawi, ga jami'in shige da fice mai riƙe da hatimi a Jamus, kuma kowannensu sunan da Mark ya ajiye yake kira. Gida ya ƙi shi saboda yadda yake, waje ya ƙi shi saboda inda ya fito. Ina yaro zai sa kansa?

Wanda bai karanta ba, ya yi mini afuwa, dole in taɓa ƙarshen wannan kashi. Mark ya koma zama a wani gini da masu neman mafaka suka cika, 'yan sanda suka yi wa wurin ƙawanya. Duk wanda ya bi labaran Jamus a lokacin zai tuna makarantar Gerhart Hauptmann da ke titin Ohlauer, wadda baƙin haure suka mamaye tun Disambar 2012, da yadda a tsakiyar 2014 wasunsu suka haye rufi suna cewa gara su faɗo da a fitar da su, aka shafe sama da mako guda ana kallon-kallo. A irin wannan yamutsi mai ba da labarin, cikin son taimako, ya yi suɓul da baka a gaban ɗan jarida, ya ambaci tsohon sunan Mark. Baki shi ke yanka wuya. Maganar ta fita, ta isa kunnen waɗanda Mark ke kwana a tsakiyarsu, mutanen da su ma korarru ne, su ma ba su da inda za su. Daga nan Mark ya faɗo daga saman ginin, ya mutu.

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba maƙiyi ne ya tona shi ba, aboki ne mai kyakkyawar niyya. Sannan Habila bai yi mana sauƙin cewa Turawa ne azzalumai, baƙaƙe ne salihai ba. Ya nuna cewa wanda aka kora ma yana iya samun wanda zai kora. Jarumtar da marubuci ke buƙata kafin ya faɗi wannan gaskiya a littafin da ya rubuta don kare baƙin haure, ba ƙarama ba ce.

Na san inda nake zaune, na kuma san abin da masallaci da majami'a suke faɗa a kan wannan lamari a Gombe. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da wannan matsayi. Habila ma bai hau mumbari ba. Amma kada mu yi kamar labarin Mark na wata duniya ne. A Malawi ɗin, a 2010, kotu ta yanke wa wasu mutum 2 ɗaurin shekara 14 saboda bikin baiko da suka yi, sai da duniya ta yi caa kafin Shugaba Bingu wa Mutharika ya yi musu afuwa. A nan gida, a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma a cikin watan nan ne taron jama'a ya yi ta ruwan duwatsu a wata kotun shari'a a Bauchi, inda ake tuhumar wasu maza. Bauchi fa, wadda daga jikinta aka yanko jiharmu a 1996. Kuma wane Bahaushe ne zai ce bai san 'yan daudu ba? Mun ci abincinsu a tasha, mun gan su a gidan biki, mun yi dariyar habaicinsu. Sau nawa muka tsaya muka tambayi kanmu daga wane gari wannan ya fito, wace uwa ce ta haife shi, me ya raba shi da gida, wa zai yi jinyarsa in ya kwanta? Bayan na gama da Mark na kasa daina yi wa kaina waɗannan tambayoyi. Mutum zai iya riƙe aƙidarsa gam, ya kuma yarda cewa ɗan mutane da ya faɗo daga rufi rai ne aka yi asara, akwai kuma masu kukansa. Littafin bai nemi fiye da haka daga gare ni ba, kuma na ba shi da zuciya ɗaya.

Kashi na biyu na Manu ne, kuma Allah ya sani shi ma ya karya ni. Likita ne a Libiya, mai asali daga Najeriya, yanzu ga shi yana gadin ƙofar gidan rawa a Barlin don ya ciyar da 'yarsa Rachida. Jirginsu ya nutse a Bahar Rum, ruwa ya raba shi da matarsa da ƙaramin ɗansu. Tun kafin su hau sun yi alkawari cewa in an rabu, a haɗu a Checkpoint Charlie, tsohon shingen bincike da ke tsakanin gabashi da yammacin Barlin zamanin yaƙin cacar baka. Don haka duk ranar Lahadi uba da 'ya sai su je su tsaya cikin 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto, suna leƙa fuskar kowace mace mai riƙe da yaro. Duk Lahadi! Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zai tuna uwar da ta bi sawun ɗanta ta ƙetare Sahara har Tarabulus. Wannan hanya tsohuwa ce a wurinmu, wannan jira ma tsoho ne. Habila ya ɗauko shi ya dasa a tsakiyar Turai, ya kuma rubuta shi da taushin da ba zan iya kwatantawa ba. Ka ga mutum mai ilimi, mai mutunci, yana sunkuyar da kai yana aikin da bai taɓa mafarki ba, amma da safe ya shirya 'yarsa makaranta kamar babu komai.

Kashin Basel zan wuce shi da sauri, ba don bai yi daɗi ba. Portia, 'yar Zambiya, 'yar wani mawaƙi da gudun hijirar siyasa ta zame masa sana'a, ta je birnin Basel na Siwizalan don ta haɗu da Baturiyar da ta auri yayanta David ta kuma kashe shi. Zaman da matan nan biyu suka yi suna magana, ɗaya ƙanwar mamaci, ɗaya mai jininsa a hannu, darasi ne ga duk mai son koyon rubuta hira. Kuma ta bakin Portia ne littafin ya tono tambayar da ke cin kowane gida mai ɗa a waje: me ke sa wasu ba sa iya zama, ko da ba yaƙi ne ya kore su ba?

Sai Karim, Basomale, wanda mai ba da labarin ya haɗu da shi a jirgin ƙasa. Ya bar Mogadishu ne saboda wani ɗan bindiga ya ƙwallafa rai sai ya auri 'yarsa ƙarama. Ya kwashi iyalinsa zuwa Yaman, daga nan Siriya, yaƙi ya sake tashinsu, sai Turkiyya, sai Bulgeriya inda aka kulle shi da 'ya'yansa maza. Yaran sun tsinci harsuna a hanya har suka zama tafintoci a wurin da ake tsare da su. Ku ji wannan hikima: abin da gudun hijira ya ba su shi ne kuma ya fara janye su daga ubansu. Karim yana magana da Turancinsa mai gurɓi, a sanyaye, ba ya neman a tausaya masa. Muryarsa ta yi mini kama da ta dattawan da suka sauko mana daga Borno da Yobe a 2014 da 2015, suka zauna a unguwanninmu da 'yan ƙullin kayansu, in ka tambaye su sai su ce sai godiya. Mu a Gombe ba a labari muka ji gudun hijira ba. Mun ji ƙarar bam a tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoban 2014, mun ji a tashar Dukku a Disambar wannan shekara, mun ji a babbar kasuwa a jajibirin ƙaramar salla ta 2015. Mun san yadda mutum ke fita da safe da gida, ya kai yamma ba shi da shi.

Daga nan Habila ya yi abin da ya sa na miƙe tsaye ina tafa hannu ni kaɗai a ɗaki. Mai ba da labarin nan, mai sauraron wahalar wasu daga tudun mun tsira, ya rasa jakarsa da takardunsa a tafiyar jirgin ƙasa. Shi ke nan. Ba a ɗauki lokaci ba ya tsinci kansa a sansanin baƙin haure a gaɓar tekun Italiya, baƙar fata cikin baƙaƙen fata, babu mai tambayar digirinsa. A Turai a lokacin akwai ƙa'idar Dublin, wadda ta ce ƙasar da mai neman mafaka ya fara sauka, inda aka ɗauki zanen yatsunsa, ita ke da alhakinsa. Saboda haka aka yi ta mayar da mutane Italiya daga Jamus da sauran ƙasashen arewa. Habila bai tsaya yi mana lacca kan wannan ba, sai kawai ya jefa gwaninsa cikin injin, ya bar mu muna kallon yadda yake niƙa. Tazarar da ke tsakanin malamin jami'a da baƙon haure, ashe ɗan littafin fasfo ne da bai cika tafin hannu ba. A wannan sansani ne kuma wani Ba'italiye mai suna Matteo ya ba da labarin matar da teku ta turo bakin gaɓa da yaro, ta manta ko ita wace ce. Ba zan faɗa muku ko matar wa ce ba. Lokacin da na gane, sai da na rufe bakina da hannu.

Na ji masu cewa haɗuwar ta yi yawa, wai yaya za a yi mutum guda ya yi ta cin karo da zaren labari ɗaya daga Barlin har Italiya. Ni ban yarda da su ba ko kaɗan. Hanyoyin baƙin haure ƙalilan ne: Agadas, Sabha, Tarabulus, Lampedusa, sai tashoshin jirgin ƙasa da layin karɓar abinci. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani ya san yadda ake tsintar ɗan unguwa a inda ba a zata ba, da yadda saƙo ke bin baki har ya isa ga mai shi.

Kashi na ƙarshe a Landan yake, kuma a nan littafin ya dawo mana gida sosai. Juma ɗan arewa maso gabashin Najeriya ne, ya tsere wa Boko Haram, Ingila ta ƙi ba shi mafaka, shi kuma ya daina cin abinci. Wasu matasa masu fafutuka suna ɓoye shi, masu ƙin baƙi suna ihu a waje, jikinsa yana narkewa a hankali. Ya tuna mini da wani ɗan Najeriya da ya yi yajin cin abinci na kusan kwana 100 a gidan tsare baƙi na Harmondsworth a 2013, lokacin Theresa May tana ministar cikin gida. An sa shi a jirgin haya na musamman, jirgin ya kasa sauka a Najeriya ya koma da shi, daga baya aka sake kawo shi. Juma ba shi da lauyan kirki, ba shi da ƙasa mai son sa, cikinsa kaɗai ya rage masa abin da yake da iko da shi, da shi kuma ya yi magana. Idan ka haɗa shi da Mark, sai ka ga yadda Habila ya kafa ginin: ya buɗe da wanda aka hana shi mallakar sunansa, ya rufe da wanda jikinsa kaɗai ya mallaka.

Bari in ce wani abu kan harshen littafin, don nan ne gwanintar take. Turancin Habila ba mai ƙawa ba ne. Jimlolinsa gajeru ne, a miƙe, ɗan aji shida na sakandare zai iya bin su ba tare da ƙamus a gefe ba. Ba ya ihu a wurin da wani marubucin zai yi ihu. Yakan faɗi mafi munin abu da murya ƙasa-ƙasa, ya wuce, ya bar ka kai ka yi kukan. Ina jin wannan kawaici a jinina, irin namu ne na nan arewa, inda uwa za ta rasa ɗa ta ce Allah ya karɓi abinsa, sai ka fi jin zafin fiye da in ta yi birgima. Ya kuma iya ba kowa bakinsa: Mark da zafinsa, Manu da nauyinsa, Portia da tsiwarta, Karim da haƙurinsa. Ko an rufe sunayen za ka gane mai magana. Sannan akwai wata ƙaramar dabara da nake so ƙwarai. Binciken digirin mai ba da labarin a kan taron Barlin na 1884 yake, inda Turawa suka zauna suka tsara rabon Afirka. Ga shi yanzu a wannan birni dai, jikokin waɗanda aka raba suna kwana a tanti ana tambayar su takardar ƙetare iyaka. Habila bai ja layi a ƙarƙashin wannan ba, ya bar shi a fili ga mai ido.

Ina da buƙata, kuma da gaske nake. Malamanmu na sashen Turanci a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, don Allah ku sa littafin nan a gaban ɗalibanku, ku bar su su yi gardama a kansa har muryoyinsu su dushe. Matasanmu da ke lissafin kuɗin mota zuwa Agadas, musamman tun da Nijar ta soke dokarta ta 2015 mai hana safarar baƙin haure a Nuwambar 2023, su karanta kashin Manu kafin su sayar da gonar gado. Masu shagunan littattafai su nemo mana shi, don bai kamata ɗan Gombe ya sha wuyar samun littafin ɗan Kaltungo ba.

Babbar buƙatata kuma ga masu fassara take. Littafin nan yana neman Hausa. Karim zai zauna daram a bakin dattijon Bahaushe, labarin Juma zai fi ratsa jiki da harshen da mutanen yankinsa ke ciniki da shi, kuma matan Kance da suka rasa 'yan uwa a hamada sun cancanci a karanta musu shi a rediyo. Sai dai ina roƙon duk wanda Allah ya ba wannan aiki abu guda. Na san za a ba shi shawara ya tsallake kashin farko, ko ya gyara Mark ya mayar da shi wani abin da ba shi ba, don a zauna lafiya da masu saye. Kada ya yarda. Ya fassara Mark yadda Habila ya rubuta shi, da sunan da ya zaɓa wa kansa, da Lorelle a gefensa.